Damin da Aka Mayar Droum

Duk shekara, da an gama girbi, Mamman yakan kawo wa makarantarmu damin gero ɗaya. Ba ya aike. Da kansa yake zuwa daga ƙauyensu can ƙasar Droum, a kan babur ɗin ƙanensa Sha'ibu, damin a ɗaure a baya, shi kuma a takure a tsakiya ko motsi ba ya iyawa. Yakan sauke a ƙofar biron direkta, wato ofishin shugaban makaranta, ya karkaɗe rigarsa, ya gaisa da kowa tun daga mai gadi har mata masu girki, ya leƙa 'yarsa Larai ta taga ba tare da ya kira ta ba, ya juya. Ko ruwa sai an matsa masa yake sha.

Sunana Tabita. Lissafi nake koyarwa a makarantar da mutanen Damagaram suke kira lakwal ɗin baƙi. Tana da suna na takarda, dogo, da Faransanci, amma ba mai faɗarsa sai mai amsa waya. Yawancin yaranmu 'ya'yan ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ne da likitoci da injiniyoyi, daga Binin, Togo, Cadi, Kamaru, da Turawa 'yan kaɗan, sai kuma 'ya'yan manyan 'yan kasuwar gari. Rabin yini da Faransanci, rabi da Ingilishi. In an fita shan iska ka tsaya a tsakar fili, za ka ji harsuna sun fi na tashar mota, amma da faɗa ya tashi a kan ƙwallo, duk da Hausa ake zagi.

Larai ba ta cikin ko ɗaya daga waɗannan. Tsohuwar shugabarmu, Madam Odil, wata Baturiya mai faɗa da saurin kuka, ita ta ware gurbi kaɗan ga yaran karkara masu kai, kyauta, har riga da littattafai da abincin rana. Larai ta ci jarrabawar shiga, sai aka rasa inda za ta kwana. Ni kuwa mijina ya rasu, 'ya'yana ɗaya tana Yamai ɗaya yana Maraɗi, ɗaki yana nan a banza. Mamman ya zo ya duba gidan. Ya ga gicciye a bango, ya kalle shi, ya kalle ni, ya tambaye ni ina gabas. Na nuna masa. Ya ce to, a wannan kusurwar za ta dinga shimfiɗa sallayarta. Iyakar yarjejeniyarmu ke nan.

Shekara huɗu muna tare. Da azumi ni nake tashinta sahur, ina faɗa tana gyangyaɗi. Ranar Lahadi in na dawo daga majami'a sai in tarar ta share gida ta ɗora shinkafa, ta kuma sa gishiri fiye da kima. Yarinya ce mai shiru, amma in aka sa lissafi a allo sai ta koma wata daban, har ni take gyara wa. A wannan shekarar za ta zauna jarrabawar brebe, ta gama ƙaramar sakandare, kuma ban taɓa shakkar za ta ci ba.

Karo na farko da Mamman ya kawo daminsa, Madam Odil ta zaga shi sau biyu ta tambaye ni ko ado ne ake jinginawa a bango. Na ce ci ake yi. Ta ɗauke shi hoto, ta rungume Mamman, abin da ya kusa sa bawan Allah ya nutse a ƙasa, sannan ta aika da shi madafa. Aka sussuke, aka yi kunu, yara suka sha. Haka aka ci gaba har gwiwoyinta suka gaza ta koma ƙasarsu.

Sai manyan makarantar, waɗanda suke can ƙetare ba ma ganinsu sai ta allon kwamfuta, suka naɗa Markus.

Ranar da aka faɗa mana, na yi guɗa a ɗakin malamai har wani malami ɗan Togo ya zubar da shayinsa. Tun da aka kafa makarantar ba a taɓa ba ɗan ƙasa shugabanci ba. Markus kuwa a hannuna ya girma. Ni da uwarsa tare muka yi waƙa a zumuntar mata, ni na koya masa haddar ayoyi, na kuma ja kunnensa ba sau ɗaya ba. Mai gaskiya ne, mai aiki, irin mutanen da suke zuwa kafin mai gadi ya gama shara. Aka tura shi Dakar wani horo na shugabanni, ya dawo da karabat irin na Turawa ɗaure a wuya da sababbin kalmomi a baki. A makaranta ina ce masa Mushe Direkta, shi kuma ya ce Madam Tabita. A waje ni Tanti ce, shi kuma Markus, musamman in raina ya ɓaci.

A taron malamai na farko ya kafa doka: ba malamin da zai ƙara karɓar kyauta daga hannun iyayen yara, ko allura ce. Ni ce na fara tafi. Kowa ya san dalili. Akwai iyayen da in jarrabawa ta matso sai waya sabuwa ta sauka a gidan malami, ko turmin shadda, daga nan kuma yaron da bai san bakwai sau takwas ba sai ka gan shi ya haye. Abin ya daɗe yana ƙona mini rai. Ba a jima ba Alhaji Bashir, mai manyan motocin kaya, ya aiko wa sabon direkta rago fari ƙato, na taya murna. Markus ya sa aka mayar da shi a ranar, ragon yana kuka Alhaji yana kuka. Duk gari aka ɗauka, wasu na yabo, wasu na cewa yaron ya cika iyayi.

Ana cikin haka girbi ya ƙare, Mamman ya zo da daminsa.

Tagar ajina tana kallon ƙofa, don haka a kan idona ya sauke. Markus yana ciki yana taro da manya ta kwamfuta, an hana shiga. Mamman ya gaisa da mutane yadda ya saba, ya leƙa Larai, ya hau babur suka tafi. Da aka tashi na fito, sai na tarar da Markus tsaye a kan damin, hannuwa a aljihu, yana kallonsa kamar an ajiye masa maciji.

Na ce, "Mushe Direkta, na Mamman ne, uban Larai. Madafa ake kai shi."

Ya ce, "Na san na wane ne, Madam."

"To, in kira su su ɗauka?"

"A ƙofar birona aka ajiye shi. Uba ne, 'yarsa kuma tana ajin jarrabawa. In na karɓi wannan, me zan ce wa Alhaji Bashir?"

"Ka ce masa rago daban, gero daban."

"Doka ba ta san rago da gero ba. Gobe a ce direkta yana mayar da na masu kuɗi don a gani, yana karɓar na talakawa a ɓoye."

Na rage murya na ce, "Markus, kada ka yi. Ka san abin da ake nufi in aka mayar wa mutum hatsinsa."

Bai kalle ni ba. Ya ce zai aika da godiya mai yawa da bayani, Mamman mutum ne mai hankali, zai gane. Ya kira Usman direba, aka ɗora damin a bayan motar makaranta, farar nan mai sunanmu rubuce ɓaro-ɓaro a ƙofa. Usman ya dube ni, na dube shi. Dattijo ne, ya san abin da aka ɗora masa, amma ba a saba jin musu daga bakinsa ba. Ya ja mota.

Daga baya ya ba ni labari. Da rana tsaka ya shiga ƙauyen, mutane suna zaune a inuwa an dawo daga gona. Yara suka bi motar da gudu suna ihun motar su Larai. Ya sauke damin a ƙofar gidan Mamman, ya isar da saƙon godiya kalma bayan kalma. Mamman ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madalla. A gai da direkta." Usman ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa jin hanyar Droum ta yi masa tsawo kamar ranar ba.

Ba a yi mako ba Mamman ya yi sallama a gidana da la'asar. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, ya sha. Muka gaisa, ya tambayi 'ya'yana da sunayensu. Sannan ya ce, "Malama, na zo tafiya da Larai."

Na ce, "Lafiya? Fati ce ba lafiya?"

"Uwarta lafiya lau. Karatun ne dai ya isa haka. Akwai koleji kusa da mu, in an samu wuri ta shiga."

"A tsakiyar shekara? Shekarar jarrabawa? Malam Mamman, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa, Malama."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na gaya masa dokar ba don shi aka yi ta ba, na ba shi labarin ragon Alhaji. Ya yi ta gyaɗa kai yana cewa gaskiya ne, gaskiya ne. Ban taɓa ganin mutumin da ya yarda da duk abin da ka faɗa kuma bai matsa ko taku ɗaya ba sai shi. Ya gode mini da riƙon da na yi wa 'yarsa, ya ce ba shi da bakin biya. Ya ajiye mini ƙullin gyaɗa kamar kullum, ni kuwa na yi wuf na kai ta ɗaka tun kafin wata doka ta biyo ta.

Larai ta miƙe. Ta shiga ta haɗa kayanta a jaka. Da suka tafi na leƙa ɗakin, sai ga rigar makaranta a ninke a kan gado, littattafai a jere a kanta, har ƙaramin kwalin alƙaluma. Abin da makaranta ta ba ta, ko ɗaya ba ta ɗauka ba. Na zauna a bakin gadon na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mijina. Bayan kukan kuma haushi ya zo, shi ya fi daɗewa.

Markus ya kira Mamman ta wayar Sha'ibu har sau da yawa. Kullum a gaisa lafiya lau, a tambayi aiki, a tambayi iyali, da an zo kan maganar Larai sai Mamman ya ce, "Allah ya saka da alheri, Mushe," ya miƙa wa mai waya wayarsa. A aji kujerarta tana nan wayam. Wata 'yar Kamaru da suke zama tare ta hana kowa zama a kai, ta ɗora jakarta a wurin. Ni kuwa in na sa lissafi mai wuya a allo sai in juya wajen, in ga jaka.

A makaranta na kama bakina, don direkta direkta ne. Ranar Lahadi na tare shi bayan sujada, a gindin dogonyaron da ke bayan majami'a, inda ba Mushe ba Madam.

Na ce, "Markus, da me aka yaye ka?"

Ya ce, "Tanti, don Allah."

"Na ce da me aka yaye ka? Lokacin da babanka Nuhu yake aikin jinya a Tirmini, albashi ya yi wata da watanni bai zo ba, wa ya ci da ku? Ni na sha zuwa gidanku na ga dammuna jingine a zaure, kowane da sunan mai shi. Ka taɓa ganin babanka ya ɗora ɗaya a jaki ya mayar?"

"Kina tsammani na manta?" Muryarsa ta tashi, har wasu mata da ke wucewa suka waiwayo. Ya rage ta. "Na san abin da na yi tun kafin Usman ya tada mota. Ban yi barci ba ranar."

"To me ya kai ka?"

Ya jingina da bishiyar. Sai a lokacin na lura ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce a Dakar, ranar rufe horo, wani daga cikin manyan ya dafa kafaɗarsa yana dariya ya ce suna fata ba za su yi nadama ba, don sun ji a ƙasashenmu kowa ɗan uwan kowa ne. Wasa ya yi, kowa ya yi dariya, shi ma Markus ya yi. Amma maganar ta biyo shi har gida.

"Madam Odil in ta karɓi dami, sai a ce tana son al'adar mutane," in ji shi. "Ni in na karɓa, sai a ce an ba ɗan gida ya fara ci. In na faɗi, Tanti, ba ni kaɗai na faɗi ba. Ba za su sake ba wani namu ba."

Na zo da faɗa cike da baki, sai faɗan ya gushe. Tausayinsa ya kama ni, don gaskiya ya faɗa. Amma tausayi ba zai zauna wa Larai jarrabawa ba.

Na ce, "Na ji. Su suna can, ba su san Droum ba. Yarinyar fa?"

"In na karɓo, Alhaji Bashir fa?"

"Wannan ban sani ba. Kai aka ba kujerar, ba ni ba."

Na tafi na bar shi a gindin bishiya. Da na kai kwana na waiwaya, yana nan inda yake.

Ranar Juma'a ya shigo ajina bayan an tashi. Ya ce ya gaya wa manya abin da ya faru, da abin da yake shirin yi. Dokar hana malami karɓa tana nan, ba zai taɓa ta ba. Amma abin da aka kawo a fili, aka sa a tukunyar makaranta kowane yaro ya ci, zai karɓa, ko na Mamman ne ko na Alhaji, maki kuma ba ruwansa da tukunya. Na tambaye shi me suka ce. Ya ce sun ce za su duba, kuma fuskokinsu ba su yi masa daɗi ba.

"Za ka jira su?"

"Jarrabawa ba za ta jira su ba. Gobe da safe, Tanti, in za ki raka ni."

Ya zo ɗaukata sanye da kwat da karabat, kamar mai zuwa ganin gwamna. Na ce ƙauye za mu fa. Ya ce ai shi ya sa, direkta ne ya yi laifin, direkta zai je. Usman ya ja mu. Hanya duk gonaki an girbe, sai kara a tsaye da shanu suna kiwo a ciki, ga rumbuna an yi musu sabon jinka. Da muka kusa, Usman ya tsaya a bakin gari ya ce yashi ya yi yawa, mota ba za ta shiga ba. Ƙarya yake yi, ai ta shiga wancan karon. Ba wanda ya ƙaryata shi. Muka taka.

Tun daga nesa na hango damin. Yana nan a ƙofar gida, daidai inda aka sauke shi. Awaki sun cinye gefe guda, kaji sun tone ƙarƙashinsa, igiyar ta saki. An kewaye shi da ƙaya, kuma na san aikin Fati ne: an hana ta ɗauka, ita kuma ranta bai ba ta ta bar hatsi ga dabbobi ba. Markus ya tsaya ya dube shi.

Mamman yana zaune a inuwa da wasu dattawa. Ya miƙe ya tarbe mu da hannu biyu, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka yi ta gaisuwa, gida, gona, gajiya, sanyi, kamar ba abin da ya faru. Aka kawo fura a ƙwarya. Mamman ya ajiye ta gaban Markus ya koma ya zauna, idonsa a kan ludayin. Markus ya sha. Ya sake sha. Ya sha har na fara jin kunya, na zungure shi.

Sannan ya yi magana. Bai kawo kalmomin Dakar ba. Ya ce, "Baba, na yi maka laifi, kuma da sanina na yi. Tsoron bakin wasu ya sa na manta da naka mutuncin. Ka yafe mini, ka ba mu 'yarmu."

Dattawan suka ce madalla, madalla. Mamman ya daɗe yana wasa da wani tsinke a ƙasa.

Ya ce, "Mushe, dokarka mai kyau ce, Malama ta yi mini bayani. Ni ban san maki ana sayensa ba ma sai a bakinta. Amma bari in gaya maka. Shekara huɗu yarinyar nan tana cin tuwonku. Rigarku take sawa, a ɗakin Malama take kwana. Ban taɓa ba da ko dala ba. A garin nan akwai masu cewa Mamman ya kasa ci da 'yarsa ya kai wa baƙi. Ina ji, ba na tankawa. In kaka ta yi sai in zaɓi damin da ya fi kowane, in ɗaure shi da rana kowa na gani, in bi ta tsakiyar gari da shi. Ba don ya ishe ku ba, na san ko kwana ɗaya ba zai yi muku ba. Don dai in ta sa hannu a kwanonku, a ce akwai na ubanta a ciki."

Ya jefar da tsinken.

"Ran nan motarku ta kawo shi, ita ma da rana, kowa na gani. To yaya zan bar ta tana ci a gidan da ba a cin nawa?"

Ni dai bakina ba ya iya zama. Na ce, "Malam Mamman, an ɓata maka, ba musu. Amma kai ma ka ɗauki ɓacin ranka ka ɗora a kan yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ita ta mayar da damin?"

Wani dattijo ya yi gyaran murya, wai mace ta yi magana a zauren maza. Mamman ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ita ba ce, Malama. Uwarta ma kullum abin da take gaya mini ke nan." Amma bai ce ga ta ba. Ta bayan danga na hango gefen ɗankwalin Larai, ya leƙo ya koma.

Markus ya miƙe. Ya ce, "Baba, na zo ɗaukar kayanmu."

"Ga shi can. Ba wanda ya taɓa shi, ba nawa ba ne."

Usman ya yunƙura zai je ya kawo mota, yashin da ya hana ta shiga ya manta da shi. Markus ya ce ya zauna. Ya kwance karabat ya miƙo mini. Ya tuɓe kwat ɗinsa, wadda na san sabuwa ce tun ta Dakar, ya naɗe ta ya yi gammo da ita ya ɗora a kai. Ya janye ƙayar da hannunsa, ya durƙusa ya sake ɗaure igiyar, ɗaurin da ya nuna ɗan Tirmini bai mutu a cikinsa ba. Sha'ibu da Usman suka kama suka ɗora masa.

Wanda bai taɓa ɗaukar damin gero ba bai san ƙaiƙayi ba, balle wanda ya kwana ya wuni a ƙasa. Tun taku na farko ƙura da ƙaiƙayi suka zubo masa a wuya, suka shiga cikin farar rigarsa. Ya yi atishawa, damin ya yi tangal-tangal, ya riƙe. Akwai gajeriyar hanya ta bayan gari zuwa wurin mota. Bai bi ta ba. Ya miƙe ta tsakiya, ta gaban masallaci, ta wajen rijiya inda mata suke cike, ta gaban masu shayi. Takalminsa mai ƙyalli yana nutsewa a yashi. Yara suka biyo mu, mata suka saki guga, wata tsohuwa ta tambaya da ƙarfi wane ne wannan, aka ce mata direktan su Larai ne, ta ce to me ya yi aka sa shi dako. Ni ina biye riƙe da karabat kamar wadda ta kamo ƙadangare, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Ban waiwaya ba, don ina tsoron in ga ba kowa a bayanmu. Mun wuce rijiya kaɗan sai ƙafarsa ta turguɗe a wani rami. Damin ya zame baya, na ce shi ke nan, ya zube a gaban duk gari. Sai wani hannu ya tare shi ta baya ya mayar da shi daidai kan gammon. Mamman ne. Ashe tun daga ƙofar gida yake biye da mu. Bai saki ba, ya ci gaba da tafiya hannunsa ɗaya a kan damin, yana gaisawa da mutane da ɗayan, a hankali, don kowa ya gani da kyau.

Sai ya juya kansa wajen gida ya ɗaga murya.

"Larai! Ɗauko jakarki maza. Kada ki tsai da direkta da kaya a kai."

Ba ta ɗauki lokaci ba ko kaɗan. Daga baya Fati ta gaya mini jakar tun ranar da ta zo ba a kwance ta ba.

A mota Larai ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna, damin yana baya. Markus yana gaba, wuyansa duk ya yi ruɗu-ruɗu, kwat ɗin a kan cinyarsa ba ta ƙara moruwa. Ya yi ta susa har muka hango duwatsun Birni na Damagaram. Can ya juyo ya ce, "Larai, wane darasi ya wuce ki?"

Ta ce, "Ba komai, Mushe. Lissafi ne kawai, shi kuma zan kamo."

Na ce ta rufe mini baki, ranar Litinin za mu gani.